Ina Shanun? Tarihin Hoton Tsaunukan Tinyer

A ƙarshen daminar bara na hau babur daga Tinyer, garin da ake rubutawa Tignère a takardun gwamnatin Kamaru, na kama hanyar Galim don in ɗauko hoton tsaunuka. Watan Oktoba ne. Ruwa ya fara ja da baya amma ciyawa ba ta bushe ba, hazon hunturu kuma bai sauko ba tukuna. Duk mai riƙe kyamara a ƙasar Adamawa ya san waɗannan 'yan makonni su ne kakarsa, domin sararin sama a wanke yake, ana hango dutse tun daga nisan tafiyar yini guda. Da la'asar sakaliya na tsaya a kan wani tudu. Rana ta karkata, kowane kwari ya cika da inuwa, kawunan tuddai kuma suna sheƙi kamar an shafa musu man shanu. Can ƙasa akwai ruga mai bukkoki uku, da shanu wajen 30, da wani yaro sanye da jar rigar ƙwallo, da wata jarka ruwan ɗorawa da aka yar a gefen hanya. Na yi ta ɗauka har haske ya ƙare.

Da dare na zauna gyara a waya. Na ƙara wa gajimare duhu, na ɗaga hasken kwarin, na ƙara wa ciyawa kore. Sai jarkar nan ta tsone mini ido, na sa yatsa na goge ta, manhajar ta cike gurbinta da ciyawa kamar ba a taɓa ajiye komai a wurin ba. Da na ga abin ya zo da sauƙi sai na bi yaron, na bi bukkokin, daga ƙarshe na kwashe shanun duka. Abin da ya rage tsauni ne da kwari da sama, babu alamar ɗan Adam. Na sa shi a Facebook, yabo ya yi ta zuwa, har wani ya rantse wai Suwizalan ce.

Kwana biyu bayan haka na kai wa Kawu gaisuwa, ƙanin mahaifiyata, tsohon dillalin shanu wanda ya haura shekara 70. Na miƙa masa wayar ina jiran ya yaba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ai hanyar Galim ce. Yaushe ka ɗauka?" Na ce, "Shekaranjiya, Kawu." Ya ce, "To ina shanun?" Na yi masa bayanin yadda na share su don hoton ya fi kyau. Ya mayar mini da wayar, ya ce, "Ɗana, ni na ga wurin nan haka da idona, babu saniya ko ɗaya. Ba na fatan Allah ya sake nuna mini."

Maganar ta hana ni barci. Ita ce ta sa na koma neman sanin su wane ne suka fara ɗaukar surar wannan ƙasa tamu, da abin da suka ƙara, da abin da suka cire.

Abu na farko da na gano shi ne gyara ya riga kyamara zuwa ƙasar nan. A ranar 18 ga Yuni 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim a ƙasar Hausa da Barno, ya iso mahaɗar kogin Binuwai da kogin Faro a kan hanyarsa ta zuwa Yola. Ruwan Faro daga tsaunukanmu yake gangarowa, shi da Mayo Deyo ne suka ba gundumarmu sunan Faro-et-Déo, wadda Tinyer ce hedkwatarta. Barth ba shi da kyamara, fensir ne da littafi a hannunsa. Da ya koma gida ya fitar da littafin tafiyarsa cikin juzu'i 5 tsakanin 1857 da 1858, hotuna masu launi da ke ciki wani mai zane ne a birnin Munich, Johann Martin Bernatz, ya yi su daga zanen fensir na Barth. Bernatz bai taɓa taka ƙasar Adamawa ko ƙasar Hausa ba. Launin sama da yanayin haske da tsarin itatuwa da mutanen da ke gaban hoto, hannunsa ne ya daidaita su yadda za su yi wa mai karatu na Turai daɗin kallo. Da irin waɗannan hotuna, ciki har da na mahaɗar kogunan nan da na birnin Kano daga kan Dala, mutanen Turai suka fara ganin ƙasashenmu.

Ita ma kyamarar, da aka bayyana ta ga duniya a Faris a 1839, tun tana jaririya ake yi mata gyara. Sinadarin da ake shafa wa gilashin ɗaukar hoto a wancan zamani ya fi saurin kama shuɗin haske. Idan mai ɗauka ya ba ƙasa lokacin da take bukata don ta fito, sama takan ƙone ta zama fari fat, babu gajimare. Wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, ya samo dabara a tsakanin 1856 da 1857: ya ɗauki teku a gilashi ɗaya, ya ɗauki sama a wani gilashin dabam, sannan ya haɗa su a takarda ɗaya. Hotunansa na teku sun girgiza London da Faris. Wani lokaci sama guda yakan ɗora wa tekuna dabam-dabam. Abin da samarinmu ke yi yau da danna maɓalli ɗaya, na musanya sama, ya haura shekara 160 ana yin sa.

Bayan Barth wasu sun biyo. A 1882 Eduard Flegel ya hau tsaunukan Adamawa har Ngaundere yana neman mafarin Binuwai, kuma madugan Hausawa ne suka yi masa jagora, Madugu Mai Gashin Baki da Madugu Ɗan Tambari, waɗanda daga baya ya tafi da su har Berlin. Wannan ya tsaya mini a rai. Su madugan sun san kowane tudu da kowane kwari, amma sanin nasu na zango ne da mashaya da mashigin kogi da inda ake biyan fito da inda 'yan fashi ke kwanto. Ƙasa a wurinsu hanya ce da ake bi da jakuna da kaya. Baƙon ne yake tsayawa a kan tudu ya kalle ta a matsayin abin kallo. A 1893 zuwa 1894 Siegfried Passarge ya biyo ta Yola da Garwa har Ngaundere, ya fitar da littafi mai suna Adamaua a 1895, daga baya ya zama babban malamin ilimin fasalin ƙasa a Hamburg. Amma ayarin da ya zo a ciki an turo shi ne don ya tabbatar wa Jamus da mallakar arewacin Kamaru. Ba a daɗe ba sojoji suka biyo sawun masu zane da awo: Tibati ta faɗi a 1899, Ngaundere da Garwa a 1901, Marwa a farkon 1902.

Daga nan kyamara ta zama kayan tafiyar Turawa. Tsakanin 1911 da 1913 Franz Thorbecke da matarsa Marie Pauline, mai zane kuma mai ɗaukar hoto, sun zagaya tuddan tsakiyar Kamaru har yankin Tibati. A 1926 marubucin Faransa André Gide ya ratsa ta Marwa da Rai Buba da Ngaundere da Tibati tare da Marc Allégret, wanda ke ɗaukar hotuna da fim. A duk irin waɗannan tafiye-tafiye akwai mutanen da suka fi kowa wahala a kan hoton amma ba kasafai ake ganin su a hoton tsauni ba, wato 'yan dako da suka ɗauko akwatunan gilasai da ƙafar kyamara a ka, suka hau da su tudun da Bature zai tsaya. Kafin ya danna sai su koma bayansa. Fitar da mutum daga hoto ba ya bukatar wata manhaja, juya kyamara kaɗan ya wadatar.

Kuma dutsen da baƙo ke gani shiru yana da masu shi. Kusa da Galim akwai dutsen Jim, mafakar mutanen Nyem-Nyem, waɗanda ke kiran kansu Nizaa. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu a farkon ƙarni na 19, lamidodin Fulani sun kafu a Ngaundere da Tibati da Konca da Banyo, amma Nyem-Nyem suka hau dutsensu suka shiga kogunansa, suka daɗe suna turjiya ga rundunonin Tibati, sannan ga Jamusawa, a ƙarƙashin sarkinsu Njomna. Har yau ana taruwa a Galim ana bikin tunawa da wannan turjiya, ana hawa dutsen ana ziyartar kaburburan magabata. Wanda ya ɗauki hoton Jim da faɗuwar rana ya rubuta a ƙasa wai daji ne da ba a taɓa shiga ba, ganuwar wasu da maƙabartarsu ya ɗauka bai sani ba.

Mu kuwa, da hoto ya shigo hannunmu, ba daji muka nufa da shi ba. Masu hoton garuruwanmu da hoton katin shaida suka ci abinci, sai na biki da na sallah da na suna. Wasu daga cikinsu sun yi suna har waje, irin su Joseph Chila na Mayo Darle da Samuel Finlak na ƙauyen Atta, duka a nan jihar Adamawa, waɗanda aka baje hotunansu a babban ɗakin nunin hotunan mutane na London a 2005. Idan ka duba tsofaffin hotunan gidajenmu za ka ga mutum ne a gaba, a bayansa kuma ko tabarma ko zane ko wani ƙyalle da aka yi wa fentin benaye da jirgin sama da lambun furanni. Ina da hoton mahaifina a gaban irin wannan ƙyalle, yana riƙe da rediyon da ba nasa ba. Tsaunin gaske yana nan bayan shagon mai hoton, ba wanda ya ga dalilin ɓata fim a kansa. Daji wurin aiki ne, wurin kiwo da itace da macizai. Wa zai biya kuɗi a ba shi hoton inda yake shan wahala kullum?

Sha'awar hoton ƙasa tsurarta daga baya ta shigo mana, ta kalandar bango da fuskar kwamfuta, sannan wayoyin Tecno da Itel suka sa kyamara a aljihun kowa. Da ita muka gaji ma'aunin kyau na wasu: tudu kore, sama shuɗiya, babu kowa. Ni kaina wannan ma'aunin ne ya ja yatsana a daren nan.

Abin da Kawu ya gani da idonsa kuwa yana cikin tarihin da aka rubuta. Tun wajen shekarun 1950 ƙudan tsando ya fara haurowa daga kwarurukan arewa, ta wajen Faro, ya mamaye makiyayar tuddan Adamawa. Yankin Tinyer na cikin inda abin ya fi muni. Ƙudan yana ɗauke da cutar sammore: saniya ta rame, gashinta ya tashi, ta zubar da ciki, nono ya ƙafe, daga ƙarshe ta faɗi. Makiyaya suka watse. Wasu suka haye can ƙololuwar tuddan da Fulani ke kira cabbal, irin su Cabbal Mbabo wanda tsayinsa ya haura mita 2,000, inda sanyi ba ya barin ƙudan ya zauna. Wasu suka yi kudu da gabas, wasu suka bar ƙasar ɗungurum. Masanin ƙasa Jean Boutrais, wanda ya shafe shekaru yana nazarin kiwo a tuddan Kamaru, ya yi rubutu mai yawa a kan wannan ƙaura. Sai daga 1976 gwamnati ta fara feshin magani da jirage masu saukar ungulu, aikin da aka ci gaba da yi har 1994, sannan shanu suka fara komowa.

Kawu ya ce a shekarun nan kasuwar shanu ta mutu, mai sayar da kanwa da gishiri ya rasa mai saye, mahauci ya rataye wuƙa, matan da ke tallan nono suka ɓace daga gari. Ya ce shi kansa sai da ya bar gida ya tafi Ngaundere ya yi dako. Ya ƙara mini da wani abin da ban taɓa tunani ba: da shanu suka tafi, ƙasar ba ta zauna kore shar kamar a hotona ba. Ciyawa ta yi tsawo ta fi mutum, ƙananan itatuwa da sarƙaƙiya suka cinye fili, hanyoyi suka toshe. Wannan lallausar ciyawa mai kama da darduma da nake ta ƙara wa launi, bakin shanu ne da wutar da makiyaya ke sakawa da rani suke riƙe da ita a haka. Ashe na goge masu aikin na bar aikinsu. Bai tsaya nan ba, ya tuna mini da 'yan shekarun da suka gabaci 2020, lokacin da masu garkuwa da mutane suka addabi makiyayan gundumar nan, mutane suka karyar da garkunansu don biyan fansa, rugage da yawa suka zama kufai. Sau biyu ke nan a rayuwarsa yana ganin tuddan nan babu shanu, kuma duka biyun bala'i ne ya kwashe su.

Wani abin mamaki, shahararren hoton tudu a duniya ma irin wannan labari gare shi. Duk wanda ya taɓa kunna kwamfuta mai Windows XP, wadda ta fito a 2001, ya san koren tudun nan da shuɗiyar sama. Charles O'Rear ne ya ɗauke shi a watan Janairu 1996 a yankin Sonoma na jihar Kalifoniya a Amurka. Wurin gonar inabi ne. Wani ƙwaro da ke cin saiwar inabi ne ya sa aka tuge itatuwan, ciyawa ta samu fili na ɗan lokaci. Daga baya an sake dasa inabi, tudun ya daina kama da hotonsa. Miliyoyin mutane sun yi shekaru suna kallon asarar wani manomi suna jin sanyi a rai.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne a ciki, hoto ne kawai a Facebook. Tarihi ya nuna hoton ƙasa yana da hannu a yanke hukuncin wanda zai zauna a cikinta. A 1861 Carleton Watkins ya ɗauki manyan hotunan kwarin Yosemite a Kalifoniya, duwatsu da magangarar ruwa da itatuwa, tsit babu kowa. Hotunan sun isa hannun 'yan majalisa, kuma a 1864 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar keɓe kwarin. Abin da hotunan ba su faɗa ba shi ne a 1851 mayaƙan sa-kai na Turawa sun shiga kwarin sun fatattaki 'yan asalin wurin sun ƙone musu gidaje da rumbuna. An kori mutane, an ɗauki hoton wurin babu su, sannan hoton ya zama hujjar cewa dama can haka Allah ya bar shi.

A nan arewacin Kamaru muna da gandayen daji da aka keɓe tun zamanin Faransawa, aka mayar da na Binuwai da na Waza gandun ƙasa a 1968, na Faro a 1980. An daɗe kuma ana maganar keɓe Cabbal Mbabo, saboda dazuzzukan kan tsauni da tsuntsayen da ba kasafai ake samun su a wani wuri ba, kuma saboda yana maƙwabtaka da gandun Gashaka-Gumti na Nijeriya. Ni ban ƙi a kare dazuzzukan nan ba, domin daga gare su ƙoramunmu ke samun ruwa, kuma na ga yadda gatari da wuta ke cin su. Amma wannan tsauni shi ne ya ɓoye shanun mutane lokacin sammore, kuma akwai iyalan da suka yi kaka da kakanni a kansa. Ranar da za a zauna a Yawunde ko a wani ofis a Turai a yanke shawara, hotuna za a haska a bango. Idan duk hotunan da mu 'yan ƙasa muka watsa sun nuna tsauni babu ruga, mun ba da shaida a kan maƙwabtanmu ba tare da an kira mu ba.

Wannan bai sa na daina gyaran hoto ba, kuma ba zan ce wa kowa ya daina ba. Kyamara ba ta gani kamar ido. Ido yana iya kallon gajimare mai haske da kwari mai duhu a lokaci guda ya ga duka biyun, ita kuwa sai ta zaɓi ɗaya ta sadaukar da ɗaya. Gyara shi ne ke mayar wa hoto abin da ido ya gani. Ansel Adams, wanda ake ɗauka uban masu hoton ƙasa a Amurka, ya ɗauki fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez a 1941, ya yi shekaru yana wanke shi, kuma kwafin da ya wanke daga baya samansu ta fi ta farkon duhu nesa ba kusa ba, har ta kusa zama baƙa. A ɗakin wanki yakan sa hannu ko ɗan kwali ya tare haske daga wani sashe na takarda don ya fito fari, ya ƙara wa wani sashe haske don ya yi duhu. Amma ƙauyen yana nan a hoton, da cocinsa da kaburburansa. Ya taɓa haske iya son ransa, ya bar mazauna wurin a inda suke.

A nan na ja wa kaina layi. Haske da inuwa da launi nawa ne, in daidaita su gwargwadon abin da na gani. Abin da ke tsaye a ƙasa kuwa ba ni na ajiye shi ba, ba ni da ikon ɗauke shi. Manyan gidajen jarida ma da tuntuɓe suka koyi wannan. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Masar kusa da 'yar'uwarta don hoton ya shiga bangon mujalla, kuma har yau ana ba da misali da wannan abin kunya. Tun da Photoshop ta fito a 1990 aikin ke ƙara sauƙi, a 2020 ma aka sa mata maɓallin musanya sama gaba ɗaya. Ina ganin sakamakon a hotunan samarinmu: busasshiyar ciyawar Janairu a ƙasa, hadarin Agusta a sama. Baƙo zai ce ma sha Allah. Manomi da makiyayi kuwa kallo ɗaya za su yi su san ƙarya ce, domin su sama littafi ce da suke karantawa kullum.

Ga wanda ke son hoton tuddan nan ya yi kwarjini ba tare da ƙarya ba, ga abin da na koya. Rabin gyara a ƙafa yake: ka isa wurin kafin fitowar rana ko ka jira la'asar, lokacin da haske ke zuwa daga gefe yana fito da ƙirar kowane tudu. Hasken tsakar rana yana baje komai. Ka auna haskenka a kan sama don kada ta ƙone, domin duhun kwari ana iya ɗaga shi daga baya, amma farin da ya ƙone ba ya dawowa. Idan wayarka ko kyamararka tana ajiye ɗanyen hoto wanda ba a matse ba, yi amfani da shi, ya fi jure gyara. A Lightroom ko Snapseed ka rage hasken sama kaɗan, ka buɗe inuwa kaɗan, ka bi da burushi wurin da kake son ido ya fara sauka. Ka yi hattara da kore, shi ne ya fi saurin tona asiri, da ka matsa masa sai ciyawa ta koma kamar leda. Kada ka raina hazo. Da hunturu tuddai kan jeru bayan juna, na kusa mai duhu, na nesa yana dusashewa har ya narke cikin sama, kuma wannan kyau ne da Suwizalan ba ta da shi. Sannan ka nemi abin da zai nuna girman tsauni. Dutse shi kaɗai a hoto ba a sanin ko tsauni ne ko suri. Saniya ɗaya a gindinsa, ko bukka, ko yaro da sanda, su ne mudun da ido ke awo da shi. Idan mutum zai fito a gane shi, ka yi sallama ka nemi izini, ka kuma nuna masa abin da ka ɗauka.

Allah ya sa ban share ainihin hoton ba. Na koma kansa na sake gyarawa daga farko. Na bar duhun gajimaren, na rage koren da na zuba, na ɗan haskaka bayan shanun inda rana ta taɓa su. Jar rigar yaron, wadda na ɗauka ita ke ɓata hoton, sai ga shi ita ce ke fara kama ido ta ja shi zuwa cikin kwarin. A kan jarkar na fi daɗewa ina shawara, daga ƙarshe na bar ta, domin da irinta ake ɗebo ruwa a kowace ruga a yau, kuma wanda zai kalli hoton nan bayan shekara 50 yana da hakkin ya san haka.

Da na je Ngaundere na sa aka wanke mini shi babba, na kawo wa Kawu. Ya sa tabarau ya matso da shi kusa da fuska. Bai ce komai a kan gajimare ba. Ya sa yatsa yana bin shanun ɗaya bayan ɗaya, ya ce waɗannan gudali ne, waɗancan jajayen masu dogon ƙaho na Mbororo ne, ga kuma maruƙa har shida, alamar garken ya sha damina lafiya. Ya tambaye ni ko na san mai rugar, na ce a'a. Ya ce, "To idan ka koma ka tambaya, ka kai masa nasa." Sannan ya kira jikansa ya ce ya kawo ƙusa.